Ruwan kurom ba ya rufa wa ƙarfe asiri

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Wata uku ke nan rabona da ba ku labarin jirgin nan. Aiki bai tsaya ba, sai dai yawancin abin da na yi a tsakani gugar ƙarafa ce, shi kuwa guga ba shi da daɗin labari.

Ga wanda bai san inda aka kwana ba, jirgin ruwa ne samfurin Freeman 22, ƙirar 1968, tsawonsa ƙafa 22, gangar jikinsa ta faiba (roba mai tauri haɗe da zaren gilashi), cikinsa katako. A nan Ingila aka ƙera irinsu, kuma masu sha'awarsu sun san su da ƙarafa masu ƙyallin ruwan kurom, wato farin rufin nan mai walƙiya da ake yi wa ƙarfe, tun daga goshi har gindi. Na saye shi a Norfolk, inda ya daɗe yana kai da kawowa a kogin Yare. Ƙasan kogin nan ruwan gishiri na shigowa ta wajen Great Yarmouth duk lokacin da teku ta cika, to gishirin ya yi aikinsa. Wasu ƙarafan sun yi kore, wasu sun yi ƙuraje, wasu kuma rufinsu na ɓarewa kamar ɓawon albasa.

A watan Nuwamba aka ɗaga shi aka ɗora a tudu saboda hunturu, na fara kwance-kwance. Guda 41 na cire: ƙahonnin ɗaure igiya, hancinan da igiya ke bi, mashaƙan iska na kan rufi, murfin tankin mai da na ruwa, mariƙan ƙofa, gidajen fitilu, da ƙahon oda. Kowanne na ɗauki hotonsa a mazauninsa, na sa shi a leda tare da notinansa, na rubuta ko na dama ne ko na hagu. Kada ku raina wannan. Abubuwa biyu da ido ke gani iri ɗaya, ramukansu kan saɓa da ɗan kaɗan, domin hannu ne ya huda su shekara hamsin da ɗoriya da suka wuce.

Notinan sun ba ni wuya. Na tagulla ne masu tsaga ɗaya a ka, sukudireba na zamewa sau ɗaya kan ya lalace. Wuta ita ce maganin noti mai taurin kai, amma ba a kusanto da harshenta kusa da faiba. Abin da ya fisshe ni shi ne ƙarfen soda na masu gyaran rediyo: in ɗora bakinsa a kan notin na minti biyu, in ɗiga mai, in bari ya huce, sannan in murɗa. Babban ɗana yana kwance cikin akwatin anka riƙe da sifana, yana ta mita cewa sanyi zai kashe shi. Noti uku duk da haka sai da na huda su.

Kafin ka kai wa mai rufi, wato mai yi wa ƙarfe ruwan kurom, komai, san irin ƙarfen da ke ƙarƙashi. Na fara da maganaɗisu, wanda ya kama baƙin ƙarfe ne. Sauran na juya bayansu, inda ba a gani, na ɗan goga magagari. Idan ya fito rawaya, farar tagulla ce, wato jan ƙarfe haɗe da tutiya. Idan ya ɗan yi ja kamar tsohon zinare, mai haɗin kuza ce, ta fi jure gishiri. Idan kuwa ya fito fari-fari mai toka, to ka gamu da abin da suke kira mazak ko zamak, tutiya ce da ɗan alminiyam. Ƙahon oda da mariƙai biyu haka suka fito, da alama wani mai jirgin na baya ne ya ɗauko su daga kayan mota. Shi mazak daga ciki yake ruɓewa, ƙurjin da kake gani a sama bakin rami ne kawai.

Akwai wani launi kuma da ya kamata ya tsorata ku, ruwan hoda. Ɗaya daga hancinan igiya na gaba, da na goga shi, maimakon rawaya sai ga hoda-hoda mai ɗige-ɗige. Gishiri ya tsotse tutiyar ya bar jan ƙarfe mai ƙananan ramuka kamar soso. Na ƙwanƙwasa shi da guduma, babu wannan ƙarar ta ƙararrawa, sai dum. Zai ɗauki rufi ya yi kyau, amma ranar da iska ta fizgi jirgi shi ne zai fara karyewa. Na ajiye shi a kan tebur yana danne mini takardu.

Yanzu ga kuskuren da ya ci mini kuɗi. Na zaɓi guda shida na kai wa wani mai rufi a yankin Birmingham. Ya duba, ya ce yawancin kuɗin na guga ne, tsoma su cikin kwano ba shi ne aikin ba. Ni kuwa da wayon banza na ce ya rage gugar, ai rufin zai cike ramukan. A raina ina tuna ruwan gwal da ake yi wa 'yan kunne a gida, ka kai abu duhu a miƙo maka shi yana walƙiya. Dattijon ya dube ni ta saman tabarau, ya ce zai yi yadda na ce, amma kada in dawo ina ƙorafi. Bayan mako huɗu suka iso. Kowane rami yana nan daram, sai ma ƙara fitowa da ya yi, domin yanzu madubi ne ke kewaye da shi. Laifina ne ɗungurungum.

Dalilin kuwa, rufin nan hawa-hawa ne, kuma duk siriri ne. Akan fara da jan ƙarfe, a bi da nikel, a rufe da kurom. Kurom ɗin da muke ta kiran sunansa bai kai mikron ɗaya ba, shi kuwa mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Gashin kai guda ya ninka shi sau da yawa. Nikel ne mai kauri a cikinsu, shi ke ba da ƙyallin, shi ke tare ruwa, kurom kawai yana hana shi dushewa ne ya kuma ba shi wannan fari mai ɗan shuɗi. Jan ƙarfe kaɗai ake iya jibgawa da kauri a goge, a sake jibgawa a sake gogewa, har ya cinye ƙananan ramuka, kuma kowane zagaye kuɗi ne.

Sai muka sake shiri. Shi zai cire tsohon rufi a kwanukansa na asid da lantarki, ya aiko mini da tagullar tsirara, ni in goge, shi ya yi gugar ƙarshe ya rufe. Ba kowane mai rufi ke yarda da haka ba, ku tambaya tukuna, wasu sun sha ganin kayan da masu su suka ɓata da guga.

Ina farawa da samfefa mai lamba 240, in hau 400, 600, 800, in tsaya a 1200, wato daga mai kaushi zuwa mai laushi, daga 400 zuwa sama da ruwa. Duk hawa ina sauya fuskar gugar, idan na yi tsaye sai in yi kwance, ba na matsawa gaba sai layukan baya sun ɓace sarai. Wuri mai faɗi ina naɗe samfefar a jikin katako, in ba haka ba yatsa zai yi masa kwari, rufi kuma ya nuna shi kamar madubin da ya lanƙwashe. Ramuka masu zurfi na huda su kaɗan har na kai tagulla mai tsabta, na cike da sodar azurfa, na share. Wannan aikin maƙeran fari ne sak, da kakana zai gan ni da ya yi dariyar hannuna. Daga nan sai keken guga, wato injin nan mai juya faifan ƙyalle. Riƙe abin ƙasa da tsakiyar keken, domin ranar da na manta, murfin tanki ya tashi ya daki bangon gareji, na koma lamba 240 da shi. Rubutun da ke kan murfin kuma kada ku matsa masa, yana shafewa ba ka ankara ba. Takunkumi da tabarau dole ne.

Wani ya tambaye ni ko ba za a iya yin rufin a gida ba. A'a. Ruwan da aka saba yin kurom da shi guba ne mai haddasa ciwon daji, doka ta tsaurara a kansa, wasu gidajen ma sun koma wani nau'in mai sauƙin illa. Fentin feshi mai sunan kurom kuwa na gwada a kan mariƙi ɗaya, hannu ya taɓa shi sau kaɗan ya koma toka.

Kashi na biyu, guda 27, sun dawo makon jiya, har maman yara da ke ce wa jirgin kishiyarta ta ɗauki ɗaya tana duba fuskarta. Matsala biyu dai. Na manta ban ce a kare zaren murfin tankin ruwa ba, wato layukan da ake murɗa shi da su, rufi ya hau kansa, ya ƙi shiga sai da na bi zaren da ƙaramar magagari. Sannan can cikin lungun ƙahonni akwai ɗan rawaya-rawaya. Nikel ne ke leƙowa, saboda lantarki ya fi taruwa a gefuna da tsini, kurom ba ya son shiga lungu. Idan an ɗaura su igiya za ta rufe wurin, na haƙura.

Kayan mazak ɗin na fasa rufe su. Mariƙan zan nemi na tagulla a kasuwar tsofaffin kayan jirgi, odar kuma in sa ta baƙin ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316.

Saura mayarwa. Na sayi tef ɗin butil, wata roba ce mai danƙo, da zan shimfiɗa ƙarƙashin kowane ƙarfe, zan kuma ɗan faɗaɗa bakin kowane rami a faibar don ya samu wurin zama ya tare ruwa. Kafin su ga kogi zan shafa musu kakin mota, kuma man goge ƙarfe mai yashi-yashi ba zai sake taɓa su ba, ruwan daɗi da tsumma mai laushi kawai. Yanzu dai suna naɗe cikin tsofaffin tawul a ƙarƙashin gado, ina jiran sanyi ya sassauta, domin butil ba ya miƙuwa da kyau a wannan yanayi. Mashaƙan iska biyu suna kan benci a lamba 600, ɗaya da tsaga a wuya da ban yanke shawarar yadda zan yi da ita ba. Wanda ya taɓa yi wa siririyar tagulla sodar azurfa ba ta lanƙwashe ba, don Allah ya gaya mini yadda ya riƙe ta.