Haruffa biyu a goshin kalma

Na sauka a Manchesta cikin hunturu, ina ganin Turancin da na koya a sakandare a Zariya zai wadace ni, sai ga shi haruffa biyu kacal ne suka fara kayar da ni. Tallar ɗakin da na kama haya ta ce "unfurnished", ni kuwa idona ya tsallake "un" ɗin, da na buɗe ƙofa sai na tarar da ɗaki fayau, ba gado ba kujera. Kwana uku na yi a kan kafet, lulluɓe da rigar sanyi.

Masana nahawu suna kiran irin wannan ƙari ɗafa-goshi, kuma mu ma muna da shi, domin shi ne "ba" na Bakano da "ma" na manomi da makaranta. Sai dai Turanci yana yawan ɗora masa nauyin korewa, kamar "un" da "dis" da "non". Shi kuwa "pre" na nufin kafin, wanda na fahimta a jikin mitar wutar gidanmu, da sai an zuba mata kuɗi tukuna take ba da wuta.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne "in", wanda shi ma yakan nuna korewa, ya samo asali daga Latin, yake kuma rikiɗa gwargwadon harafin da ke biye da shi, ya zama "impossible" ko "illegal" ko "irregular". Bayan wata shida ina aiki a gidan kula da tsofaffi, shugabarmu ta rubuta a rahotona cewa ni "invaluable" ce. Na koma gida zuciyata a dagule, ina zaton cewa ta yi ba ni da amfani, har sai da wata abokiyar aiki ta zaunar da ni ta bayyana mini cewa ana nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Akwai kuma "inflammable" a jikin gwangwanin feshi, inda "in" ɗin ba korewa ba ne sam, gargaɗi ne cewa abin yana saurin kama wuta, kuma a ganina wannan ya kamata a fara koya wa duk baƙo.

Yanzu takardar da nake jira ita ce "indefinite leave to remain", wato izinin zama wanda ba shi da wa'adi. Ranar da na fara ganin sunan, sai da na ɗora yatsa a kan "in" ɗin na karanta sau biyu.