Abin da ciyawar Whitman ta koya mini game da jigo

Wanda ya taso da rubutacciyar waƙar Hausa, kunnensa ya saba da kari da amsa-amo. Su ke gaya maka inda ɗango ya tsaya da inda baiti ya rufe. Walt Whitman, mawaƙin Amurka da aka haifa a 1819, ya ajiye su gefe a yawancin waƙoƙinsa. Da muka iso kansa a darasin adabi, tambayar da malaminmu ya fara yi mana ita ce: to, me ke riƙe da waƙar?

Rabin amsar sai an karanta da babbar murya ake samunsa. Ɗangonsa dogo ne, kusan tsawon numfashi guda, kuma yakan fara ɗangogi da yawa a jere da kalma ɗaya, yana ta jero mutane da sana'o'insu, kamar mai yi wa gari kirari. Wani lokaci jerin kan yi tsawo har ya gundure ni, amma kunne na kama kiɗan da ido bai gani a takarda ba.

Ɗaya rabin shi ya fi zauna mini. A 1855 ya fitar da littafinsa Leaves of Grass a Brooklyn, waƙoƙi 12 kacal, ya yi ta ƙara masa har kusa da rasuwarsa a 1892. A kashi na 6 na "Song of Myself", ɗaya daga cikin waƙoƙin littafin, yaro ya ciko hannu da ciyawa ya tambaye shi mece ce wannan. Bai tsaya a kan amsa ɗaya ba. Ya ce ƙila tutar halinsa ce, ƙila kyauta ce daga Ubangiji mai ɗauke da alamar mai ita. Ya ce tana tsirowa a tsakanin baƙar fata kamar yadda take tsirowa a tsakanin farar fata, kuma a lokacin ana cinikin bayi a kudancin ƙasar. Can sai ya kira ta gashin kaburbura da ba a aske ba, ya shiga tunanin matasa da tsofaffi da jariran da ke kwance ƙarƙashinta. Da na zauna da fensir ina bin ciyawar nan ɗango bayan ɗango, sai ga daidaiton mutane da mutuwa da sake tsirowa duk sun fito daga abu guda. Tun daga nan, idan aka ce in fitar da jigon waƙa, nakan fara da neman abin da mawaƙin ya riƙa nunawa, in ga yadda ma'anarsa ke sauyawa, kafin in sa masa suna.

Yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ya canza masa murya. A Disambar 1862 ya tafi Virginia neman ƙaninsa George da aka ji wa rauni, daga nan ya zauna a Washington yana zagaya asibitocin sojoji, yana rubuta wa marasa lafiya wasiƙa zuwa gida. Da aka harbe Shugaba Lincoln a Afrilun 1865, ya yi masa marsiyya ba tare da ya ambaci sunansa ko sau ɗaya ba. Abu uku ya ɗora ta a kai: furen lilak da ke buɗewa a daidai wannan lokaci na shekara, tauraruwa Zara da ke faɗawa yamma, da wani tsuntsu da ke kuka a ɓoye cikin fadama. Furen na mai makoki ne, tauraruwar ta mamaci ce, tsuntsun kuwa shi ya sa mawaƙin ya daina gudun mutuwa ya saurare ta.

Kusa da ƙarshe marsiyyar ta bar shugaban ta koma kan gawawwakin sojoji, irin waɗanda ya yi jinya da hannunsa. Ya ce su sun huta, masu shan wahala su ne uwa da mata da ɗa da abokan da aka bari a raye.