Wata Tara da Sandar Golf: Yadda Na Fara Gane Dalilin Lanƙwasar Ƙwallo

Yau wata tara ke nan da na fara koyon wasan golf, domin a watan Afrilu na fara riƙe sanda, ga shi yanzu hunturu ya kankama, kuma na ga ya dace in rubuta muku, 'yan uwana da muke wannan koyo tare, abin da ya sauya a hannuna da abin da har yanzu ya ƙi sauyawa. Da dama nake bugu, saboda haka duk inda na ce dama ko hagu, bahago sai ya juya maganar.

Wata biyar na farko na shafe su ne ina fama da cuta guda, wadda masu wasan ke kira silais: ƙwallo ya tashi kamar zai bi tsakiyar fili ko ya ɗan nufi hagu, sai ya karkata dama tun yana sama, ya yi ta karkata har ya faɗa cikin ciyayi ko gindin darbejiya. Abin da hankalina ya ba ni shi ne, tun da dama yake zuwa, to in ƙara fuskantar hagu. Na ƙara, lanƙwasar ta ƙaru. Na sake ƙarawa, ta sake ƙaruwa. Sai ranar da malamina ya zaunar da ni a inuwa, ya zana layi biyu a ƙasa da tsinke, sannan na fahimci cewa maganin da nake sha shi ne yake ciyar da cutar.

Layi na farko shi ne inda fuskar sanda, wato shimfiɗaɗɗen ɓangaren kanta da ke dukan ƙwallo, take kallo a daidai lokacin da ta haɗu da ƙwallo. Na biyu shi ne hanyar da kan sandar yake bi a wannan lokacin. Inda ƙwallo zai fara nufa, fuska ce take da kaso mafi tsoka wajen tsayar da shi, kimanin kashi uku cikin huɗu idan da ƙarfe aka buga, wato ɗaya daga cikin sandunan nan masu siririn kai na ƙarfe da ake bambanta su da lamba, fiye da haka kuma idan da doguwar sandar nan ce da ake kira direba, kamar yadda na'urorin auna bugu masu aiki da radar, irin na kamfanin TrackMan da aka kafa a Denmak a 2003, suka tabbatar. Lanƙwasa kuwa tazarar da ke tsakanin layin biyu ce take haifar da ita. Idan fuska tana kallon dama da hanyar, ƙwallo zai juya a karkace ya lanƙwasa dama. Idan tana kallon hagu da hanyar, ya lanƙwasa hagu. Idan sun daidaita, ya tafi a miƙe. To ni duk lokacin da na ƙara juya kafaɗuna hagu, hanyar sandata ce take ƙara komawa hagu, fuskar kuwa tana nan a buɗe, wato da hannuna nake faɗaɗa tazarar. Ina roƙon duk wanda ke fama da silais a cikinku ya tsaya a kan wannan sakin layi ya sake karanta shi, domin da na san shi tun a watan Mayu da ban yi asarar damina guda ba.

Duk da haka malamina bai bar ni na taɓa batun hanya ba sai da muka gyara riƙo, kuma a nan ne na fi daɗewa. Ashe a tsakiyar tafin hannun hagu nake ɗora mariƙin sandar, kamar mai riƙe da ƙotar fartanya, shaidar kuwa tana jikin safar hannuna, wadda ta huje a gindin tafi cikin wata biyu. Riƙon tafi yana ɗaure wuyan hannu, ya hana fuska rufuwa a kan lokaci. Aka mayar da mariƙin cikin yatsu, ya kwanta a karkace daga gindin ƙaramin yatsa zuwa gaɓar tsakiya ta manuni, ta yadda idan na dubi ƙasa zan ga gaɓoɓi biyu zuwa uku na bayan hannun hagu, kusurwar da ke tsakanin babban yatsa da manuni kuma ta nuna wajen kafaɗar dama. Na gwada riƙon da ake dangantawa da Harry Vardon, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya sau shida tsakanin 1896 da 1914, inda ƙaramin yatsan dama ke hawa bisa hannun hagu, amma bai zauna mini ba saboda yatsuna gajeru ne, sai na koma wanda ake sarƙe yatsun biyu, irin na shahararrun 'yan wasan Amurka Jack Nicklaus da Tiger Woods. Mako uku sabon riƙon yana yi mini bambaraƙwai, buguna ya lalace fiye da da, kuma ba sau ɗaya ba na so komawa gidan jiya. A mako na huɗu ne ƙwallo ya fara tashi yana ɗan karkata hagu, abin da ban taɓa gani ba tun da na fara.

Saiti, wato daidaita sanda da jiki da inda ake son ƙwallo ya je, bai ba ni wahala haka ba. Ku ɗauka kamar layin dogo ne: ƙwallo da tutar da ke nuna ramin da ake nufa suna kan ƙarfensa ɗaya, ƙafafu da ƙugu da kafaɗu suna kan ɗayan, a jere ba tare da sun haɗu ba. Nakan tsaya bayan ƙwallo in zaɓi wani ɗan ganye ko tsakuwa taki ɗaya a gabansa, kamar yadda aka san Nicklaus da yi, in saita fuska a kansa tukuna, sannan in gina tsayuwata.

Abin da hunturu ya tona mini shi ne batun haɗuwar sanda da ƙwallo. A damina ciyawa tana rufa wa mutum asiri, ko ya ɗan riga ya doki ƙasa kafin ƙwallo sandar takan zame ta kai. Yanzu ƙasar filinmu ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, kuma wanda ya doki bayan ƙwallo da faɗin yatsa biyu sai sandar ta yi tsalle ta sare shi a ciki, ya tafi yana gurguro. Da ƙarfe, ƙwallo ake fara samu sannan ƙasa, ma'ana wurin da kan sanda ke kaiwa ƙarshen saukarsa yana gaban ƙwallo ne, kuma hakan ba ya yiwuwa sai nauyin jiki ya riga hannaye komawa kan ƙafar hagu. Nakan ja layi a cikin rairayi in yi bugu 20 babu ƙwallo, ina neman shatin sanda ya fara daga layin zuwa gaba. A watan Oktoba huɗu kawai nake samu. A makon jiya na sami 14. Na kuma lura cewa duk ranar da na yi gaggawar saukowa, kafaɗar dama ce take fara fitowa waje, hanya ta koma hagu, tsohuwar cuta ta leƙo. Ɗaga sanda baya yana bukatar kamar ninki uku na lokacin saukowa, don haka nakan ƙirga a zuci.

Sai a watan Disamba aka ba ni izinin gwada lanƙwasa da gangan. Da ina zaton wata dabara ce ta murɗa wuyan hannu a cikin bugu, ashe lissafin layin nan biyu ne dai, sai dai wannan karon ni ne nake zaɓen tazarar. Don diro, wato ƙwallon da zai fara ta dama ya dawo hagu a hankali, ana son hanya ta nufi dama da tuta da misalin digiri huɗu, fuska kuma ta nufi dama da misalin digiri biyu. Ku lura da kyau, fuskar ba tuta take kallo ba. A buɗe take ga tuta, a rufe take ga hanya. Don fed, wato ƙwallon da zai fara ta hagu ya dawo dama a hankali, sai a juya komai: hanya hagu da huɗu, fuska hagu da biyu. Wani dattijo da muke wasa tare ya koya mini tsohuwar ƙa'ida, cewa a saita fuska kan tuta, a saita jiki inda ake so ƙwallo ya fara nufa. Na gwada ta da girmamawa, amma sakamakon da na samu shi ne ƙwallo ya tashi kusan daidai saitin tuta, sannan ya lanƙwashe ya bar ta. Yanzu karan dawa nake kafawa a ƙasa taki biyar a gabana, a kan layin tuta, in buga ƙwallo goma su wuce ta damansa su dawo, goma kuma ta hagunsa. Matsar da ƙwallo baya a tsayuwa da faɗin ƙwallo ɗaya yana taimaka wa diro, matsar da shi gaba yana taimaka wa fed, kuma ban sauya komai a yadda nake lilo da sandar ba.

Da ƙarfe mai lamba 7 nake wannan aiki, kuma akwai dalili. Gwargwadon yadda fuskar sanda ta kwanta baya, haka lanƙwasa take raguwa, shi ya sa direba, mai kwanciyar digiri 9 zuwa 12, take tona kowane kuskure, gajerun sanduna masu digiri 50 da wani abu kuma suke ƙin lanƙwasa ƙwallo. Sai da na gane haka na san girman abin da Bubba Watson ya yi a gasar Masters ta 2012 a Augusta ta Amurka, lokacin da yake raba gardama da Louis Oosthuizen a rami na 10. Daga cikin itatuwa, da gajeriyar sanda, bahagon ya lanƙwasa ƙwallo kimanin yadi 40 ya ajiye shi kusa da rami, ya kuma ci gasar. Da na kalle shi a baya sa'a na ɗauka. Yanzu ina ganin irin tazarar da sai an buɗe tsakanin fuska da hanya kafin hakan ya yiwu.

Akwai wani abu da ya rikita mini lissafi da direba: wani lokaci komai daidai, amma ƙwallo ya karkata dama. Malamina ya goga alli a fuskar sandar, sai ga tabon ƙwallo can kusa da gindinta, wato gefen da kan yake haɗe da doguwar sandar. Bugun gindi yana tura ƙwallo dama, bugun baki, wato ɗaya gefen, yana jawo shi hagu, ko da fuska da hanya sun daidaita. Tun daga ranar ba na taɓa riƙo ko saiti sai na duba tabon alli tukuna.

Game da wace lanƙwasa zan riƙe a matsayin tawa, na yanke shawara, ko da yake ba ita raina ya so ba da farko. Duk wanda ya sha wuyar silais yana kwaɗayin diro, domin yana da kyan gani kuma ya fi gudu a ƙasa. To amma gudun nan shi ne matsala a kan busasshiyar ƙasar hunturu, inda ƙwallo ke sauka ya yi ta birgima har ya wuce inda ake so. Fed ya fi tashi sama, ya fi sauka a hankali, kuma da shi Nicklaus ya ci manyan gasa 18, da shi kuma aka san takwaransa Lee Trevino. Bambancinsa da tsohon silais ɗina shi ne tazarar ƙarama ce kuma ni na ƙayyade ta. Diro zan ajiye shi ne don ranar da itace ya tsaya a gabana ko fili ya karya hagu.

Abin da ya rage mini shi ne iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, kuma a ramukan da muke fuskantarta takan ninka kowace lanƙwasa, ƙaramin fed ya zama silais. Ƙara ƙarfi ba ya magani, domin yana ƙara juyin ƙwallo ne, iska ta ɗaga shi sama ya faɗo kusa. Abin da aka nuna mini shi ne in ɗauki sandar da ta fi tsawo da lamba ɗaya ko biyu, in matsar da ƙwallo baya kaɗan, in rage ɗagawa zuwa kashi uku cikin huɗu, in kuma tsayar da hannaye ƙasa da kafaɗa bayan bugu. Cikin goma, uku kawai suke fita yadda nake so, sauran ko dai in tura su dama saboda ƙwallon ya koma baya da yawa, ko in manta in kai musu ƙarfi. Daga Asabar mai zuwa zan ware rabin sa'a na kowace safiyar atisaye ga wannan bugu kaɗai, da ƙarfe mai lamba 6, kafin rana ta ɗaga iska ta lafa.