Gida goma a jere

Wani ɗalibina ne ya ja mini. Bayan an tashi makaranta ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, ga dara wadda ba ta son abokin wasa."

Wasan John Conway ne, masanin lissafi ɗan Ingila, ya fito a 1970. Fili ne mai gida-gida, kowane gida ko rayayye ko matacce, da maƙwabta takwas kewaye da shi. Rayayye zai ci gaba da rayuwa in rayayyun maƙwabtansa biyu ne ko uku. Mataccen da ke da uku cif sai ya farfaɗo. Dokar ke nan, ana bi da ita kan duka gidajen lokaci guda a kowane taku.

Siffofin da suka tafi da hankalina su ne waɗanda nake kira 'yan jeka-ka-dawo. Jera gida uku, su miƙe tsaye, su kwanta, su sake miƙewa, taku biyu zagaye ya cika. Sai na ce bari in gwada goma, da hannu, don ina ji da kaina. Dare uku ina zaure a gidanmu na Ƙofar Marusa, da littafin lissafi mai murabba'ai da fitilar waya. A dare na biyu na tsallake maƙwabcin kusurwa guda ɗaya, komai ya wargaje. Uwargida ta leƙo, ta ga shafuka cike da zane, ta ce, "Malam, hatimi ka koma rubutawa?"

Ran na huɗu na sauke girman kai na ɗora Golly, manhajar buga wannan wasa, a kwamfuta. Kyauta ce, Andrew Trevorrow da Tom Rokicki suka fara ta a 2005. A cikinta akwai ƙaramin shiri mai suna oscar, kuma dabararsa ta fi amsar burge ni. A kowane taku yana dunƙule siffar duka ta koma lamba ɗaya, kamar dangwalen yatsa, sai ya jira ranar da wani dangwalen da ya adana zai sake bayyana. Kafin in gyara zama ya ce zagayen taku 15 ne.

Nan na gano wautata. Ni jerin goman nan nake jira ya dawo, alhali ba zai taɓa dawowa ba. Ƙofar shiga ce kawai. Bayan 'yan taku siffar takan faɗa cikin zagayenta, kuma ko a mafi ƙanƙantarta gida 12 ne. Da na shekara a zauren nan.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai, masana ma sun sha wuya. Siffa mai zagayen taku 19 da mai 41 sun gagari kowa har 2023, sama da shekara hamsin ana nema, sannan aka tabbatar kowace lamba tana da nata.

Ranar Litinin zan ba 'yan ajina jerin goman su yi da hannu. Ɗalibin nan na riga na ja masa kunne kada ya ambaci oscar sai Juma'a.