Darussan riƙe akwatin Gmail: fara da lambar da ke cikin saiti

Darasi na farko a aikin kula da akwatunan imel shi ne, mai akwati shi ne wanda lambar wayarsa take cikin saitin dawo da asusu. Kalmar sirri kullum ana mantawa da ita, kuma cikin minti biyu ake sake wata, muddin lambar da Google zai tura wa saƙon tantancewa tana hannunka. In ba ta hannunka, ko da sunanka ne a jikin adireshin, za ka sha wuya kafin ka shiga, wani lokaci ma an rabu ke nan.

Wannan ya fi samun waɗanda aka buɗe wa imel a kafe lokacin rajistar JAMB ko cike fom na neman aiki, da waɗanda aka buɗe musu a shago ranar da suka sayi sabuwar waya. Mai shagon yana sauri, layi na jiransa, sai ya sa lambarsa ko ya tsallake wurin gaba ɗaya. Ba a gane ɓarnar sai ran da wayar ta ɓata. Akwai kuma tsohon layin da aka jefa a aljihun tebur: kamfanonin sadarwa suna karɓe lambar da ta daɗe ba ta aiki su sake sayar da ita, wanda ya gaje ta kuwa shi saƙon tantancewarka zai riƙa zuwa wa.

Gyaran ba ya cin minti biyar. Shiga myaccount.google.com, ka buɗe sashen Security, ka duba lambar waya da imel na biyu da aka sa don dawo da asusu. In ba naka ba ne, sauya su yanzu. A kula, sabuwar lamba tana iya ɗaukar har kwana 7 kafin ta fara aiki sosai, don haka a sauya tun tsohon layin yana hannu, kada a bari sai an yar da shi.

A wannan sashen ne kuma ake kunna tantancewa mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta wayarka kafin a shiga. Yawancin mutane suna kunnawa su tsaya nan, sai wayar ta faɗa ruwa su rasa hanyar shiga. Google yana bayar da lambobin ajiya guda 10, kowace mai ƙwaya 8, kowace kuma sau ɗaya take aiki. A rubuta su a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardun makaranta. Ɗaukar hotonsu da wayar da ake tsoron ɓatanta, ko tura su cikin imel ɗin da ake son karewa, aikin banza ne. Wanda yake yankin da sabis ke wahala ya sa manhajar Google Authenticator, wadda ke fitar da lamba mai ƙwaya 6 duk daƙiƙa 30 ba tare da sabis ko data ba.

In an riga an yi wa akwati kutse, sauya kalmar sirri rabin aiki ne, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ɗan damfarar da ya san aikinsa ba ya korar mai akwati. Yana shiga saiti ne ya sa a riƙa tura masa kwafin kowane saƙo, ko ya ƙirƙiri matata, wato ƙa'idar tace saƙonni, da za ta kama duk saƙon da ke ɗauke da sunan banki ko kalmar biyan kuɗi, ta yi masa alamar an karanta, ta ɗauke shi daga idon mai shi. Waɗannan saituna suna nan daram ko an sauya kalmar sirri sau goma. Manhajar Gmail ta waya ba ta nuna su, dole sai a kwamfuta. Danna alamar saiti a sama ta dama, ka zaɓi See all settings, ka duba shafin Forwarding and POP/IMAP, sannan Filters and Blocked Addresses, ka goge duk abin da ba kai ka sa ba. A shafin Accounts and Import duba adireshin da amsa ke komawa, domin ana sauya shi don abokan cinikinka su riƙa amsa wa ɓarawon. Daga nan ka gangara can ƙasan akwatin, gefen dama, akwai ɗan rubutu Details da ke nuna shigowar baya-bayan nan da inda aka shigo. Ƙarshe ka koma Security ka fitar da duk na'urar da ba ka gane ba.

Batun cikar ma'aji ya fi sauƙi, amma yana jawo asara a ɓoye. Gigabait 15 ɗin da ake bayarwa kyauta na Gmail da Drive da Photos ne a haɗe, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma daga ciki take ci. Idan ya cika, saƙo ba ya fita ba ya shiga, yana komawa ne ga wanda ya aiko, kai kana zaune kana jiran kiran intabiyu. Goge ƙananan saƙonni ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne. Rubuta larger:10M a wurin bincike, manyan za su fito. Rubuta has:attachment older_than:2y ka ga tsofaffin fayiloli. Bayan gogewa a zubar da kwandon shara da hannu, domin abin da ke cikinsa yana ci gaba da cin wuri har kwana 30.

'Yan damfara sun san tsoron da cikar ma'aji ke sa wa, shi ya sa saƙon "akwatinka ya cika, danna nan" yake cikin tarkonsu na yau da kullum. Taɓa sunan mai aikowa ka ga cikakken adireshinsa, musamman abin da ya biyo bayan alamar @. Google ba ya neman kalmar sirri ta imel, kuma duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, akwatinka yake nema.

Imel ɗin ofis ko na ƙungiya kada a ɗora shi kan lambar ma'aikaci ɗaya, kada kuma a raba kalmar sirri ga mutum biyar. A shafin Accounts and Import na saitin Gmail akwai Grant access to your account, inda ake ba sakatare izinin karantawa da amsawa daga nasa akwatin, a janye izinin ran da ya bar aiki. A shafin General kuma a ɗaga lokacin janye saƙon da aka tura daga daƙiƙa 5 zuwa 30.

Tsohon akwatin da aka ajiye takardun shaida a ciki yana buƙatar a riƙa leƙa shi. Tun Disamba 2023 Google yana iya goge asusun da ya kai shekara 2 ba a taɓa shi ba, har da hotuna da fayilolin Drive. Wanda ke son kwafi a hannunsa ya shiga takeout.google.com, ya zaɓi Mail kaɗai, zai samu fayil nau'in MBOX da manhajar Thunderbird ke iya buɗewa a kwamfuta.