Cokali talatin

Ni mai shago ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a shagon kayan masarufi a bakin layinmu a nan Kano, daga hantsi har goman dare. Firji yana hannun damana, katan-katan na biskit da alawa suna hagu, buhun sukari kuma yana ƙarƙashin kanta, ni nake ƙulla shi a leda da hannuna. Duk abin da zan faɗa a nan, kayan da nake ci da iyalina da kuɗinsu ne nake magana a kai, don haka kada wani ya ɗauka wa'azin wanda bai san ciki ba ne.

Abin ya faro ne daga gidan Hajiya. Mahaifiyarmu ta daɗe da ciwon suga, ƙanwata kuma ma'aikaciyar jinya ce, ita take zuwa ta gwada ta. Wata Asabar da sassafe na biya gaisuwa kafin in buɗe shago, ko ruwa ban sha ba, na tarar tana goge yatsan Hajiya da auduga. Da ta gama sai ta ce, "Yaya, miƙo naka." Na ce lafiyata ƙalau. Ta ce ai ba ta ce ba ni da lafiya ba. Na miƙa, ta soka, muka zuba wa ɗan allon ido. Ya nuna 118.

Ta yi mini bayani a tsaye. In mutum ya kwana bai ci komai ba, ƙasa da 100 shi ne daidai. Daga 100 zuwa 125 yana bakin ƙofa. Daga 126 zuwa sama, in an maimaita an sake samun haka, to ciwon ya shigo. Ta ce in je asibiti a ɗebi jini a tabbatar, domin gwajin gida ɗaya ba hukunci ba ne. Na je bayan kwana uku, sakamakon bai yi nisa da nata ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ba na jin komai a jikina. Ba fitsarin dare, ba ƙishirwa, ba jiri.

A ranar Asabar ɗin nan dai, da yamma, ta biyo ni shago. Ta ɗauki faranti da ƙaramin cokalin shayi, ta janyo buhun sukarina, ta ce in faɗa mata abin da nake sha daga safe zuwa dare. Shayin safe wajen mai shayin layinmu, cokali huɗu. Ta zuba huɗu. Lemon roba mai santilita 50 da azahar, in rana ta take. Ta juya robar ta karanta, giram goma da ɗoriya a kowane mililita 100, ƙaramin cokali kuma yana ɗaukar kamar giram 4, ta zuba goma sha uku. Lemon kwalba mai santilita 35 bayan la'asar, tara. Shayin dare, huɗu. Ta ture farantin gabana. Cokali talatin, tsibi guda, ba a sa biskit ba, ba a sa burodi ba, ba a sa alawar da nake jefawa a baki in ba ciniki ba.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, ballantana idon wanda awon sukari ne sana'arsa. Na ja kalkuleta. Giram 120 a rana, a shekara kilo 43 da ɗoriya. Buhun da nake ɗorawa a Keke daga kasuwar Singa, yara biyu na kama mini, kilo 50 ne. Wato saura ƙiris in shanye buhu guda ni kaɗai duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2015 ta ce babba kada ya wuce kamar cokali goma sha biyu a rana, in da hali ma ya tsaya a shida. Jikina ya yi sanyi.

Dabarata ta farko shirme ce, gara in faɗa don kada wani ya maimaita. Na bar lemon kwalba na koma maltina irin ta gwangwani da lemon kwali mai hoton 'ya'yan itace, ina ganin na yi wayo, tunda mun taso ana cewa wancan yana ƙara jini, wannan kuma ai 'ya'yan itace ne. Sati biyu ina haka kafin in juya bayan gwangwanin in karanta. Sukarin da ke ciki bai yi nisa da na lemon da na gudu ba. Sai na koma zoɓo da kunun aya na wata maƙwabciyarmu da take kawowa ina sayar mata, na ce wannan na gida ne. Sai na tuna a wajena take sayen sukarin, kuma na san mudu nawa take ɗauka a sati. An gudu ba a tsira ba. Har zuma da mazarƙwaila da nake tunanin mafaka ce, ƙanwata ta ce a lissafin hukumar nan duk sahu ɗaya suke da farin sukari, haka ma ruwan lemon da aka matse. Wanda ba a sa a lissafin ba shi ne ɗan itacen da ka ci da tsokarsa, kamar gwanda ko lemon zaƙi ko kankana.

Daga nan na kamu da karatun bayan leda. Shago ya zama mini aji. In ba ciniki sai in sauko da kaya ɗaya-ɗaya ina dubawa. Na koyi cewa ana jera kayan haɗi ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙanƙanta, saboda haka in ka ga sukari a na farko ko na biyu, ka san me ka riƙe. Garin shayin nan mai launin cakulan da iyaye ke saya wa yara don su yi ƙarfi, ku duba da kanku ku ga inda sukari ya zauna a jerin. Wata madarar gari da na shekara ina sayarwa, ashe an cire mata kitsenta na asali an maye da man itace, kuma ba ɓoyewa aka yi ba, a rubuce yake, mu ne ba ma karantawa. Lambar NAFDAC da muke dubawa tana nufin an yi wa kayan rajista ne, ba tana nufin ka sha kullum ba abin da zai same ka.

Ƙanwata ce ta turo mini labarin wani likita ɗan Birazil, Carlos Monteiro na Jami'ar Sao Paulo, wanda tun 2009 shi da abokan aikinsa suka fara raba abinci bisa irin sarrafawar da aka yi masa, tsarin da daga baya ya tsaya a gida huɗu. Da gyaɗa na fahimce shi. Gyaɗar da aka ɓare aka soya a yashi tana gidan farko, abinci ne yadda Allah Ya yi shi. Man gyaɗa da gishiri da sukari suna gida na biyu, kayan girki ne. Gida na uku shi ne abin da aka haɗa da waɗancan biyun ta hanyar da kowace mace za ta iya a tsakar gida, kamar gyaɗa mai gishiri. Gida na huɗu kuwa shi ne biskit mai ƙamshin gyaɗa wanda in ka karanta bayansa za ka ga kala da ƙamshin kwalba da sunayen da ba a sayar da su a kowace kasuwa, gyaɗar kuwa sai ka neme ta da fitila. Wannan rabon ya kwantar mini da hankali, don da farko na ɗauka duk abin da aka sarrafa ne abin gudu. Ina! Daddawa ma sarrafa ta ake yi kwana da kwanaki, haka nono, haka fura.

Akwai kuma gwajin da wani mai bincike, Kevin Hall, ya yi a Amurka aka fitar a 2019. Mutum 20 aka ajiye a asibitin bincike tsawon sati huɗu. Sati biyu ana ba su abincin gida na huɗu, sati biyu ana ba su wanda ba a sarrafa sosai ba, an daidaita sukari da mai da gishirin da ke gabansu, an ce kowa ya ci iya cinsa. A satin kayan leda, kowane mutum ya riƙa ƙara cin kamar kalori 500 a rana, ya ƙara nauyin kusan kilo ɗaya. A ɗaya satin biyun kuma suka sauke kusan haka. Mutum 20 ba yawa ba ne, amma ni ban buƙaci dubu ba, domin na san kaina. Zan iya tashi da ledar biskit uku ina hira ban san na ci ba. Ɗanwake kuwa, kwano ɗaya da ƙwai da tumatir, har magariba ba na waiwayar komai.

Abin da ya yi mini aiki ba wani abin a zo a gani ba ne. Lemo na yanke shi rana ɗaya, domin na lura in na ce rabi zan sha, sai na ga ƙasan kwalbar. Kwana huɗun farko kaina ya yi ciwo, na yi ta faɗa da yaron shago a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na cika goruna da ruwa na jera a gaban firji daidai inda hannuna ya saba faɗawa, lemon na tura shi can ciki. Shayi kuwa a hankali na bi shi, daga huɗu zuwa uku, sati biyu, sannan biyu, sannan ɗaya. Ranar da na ce wa mai shayi cokali ɗaya, sai ya tsaya da cokalin a sama ya ce, "Alhaji, ko dai wani abu na yi maka?" Yanzu da ya hango ni yake daka citta da kanumfari. Kusa da kanta na ajiye kwalbar gyaɗa da aya, saboda baki ya saba motsi, in ba ka ba shi abu ba shi zai nemo.

Bayan kamar wata biyu aka yi ɗaurin auren ɗan abokina, aka miƙo mini lemo mai sanyi. Na kurɓa sau biyu na ajiye. Zaƙin ya yi mini yawa har ya tsaya mini a maƙogwaro, ni da nake shanye roba a tsaye. Wannan na ziyara shi ne mai wuya har yau. Ka je gidan surukai a buɗe maka lemo, ka ce ba ka sha, sai a ga kamar raini. Na gano in na riga su da "Hajiya, a taimaka mini da ruwa, likita ya sa mini ido," magana ta ƙare, har addu'a ake bi na da ita.

A gida kuwa ba ta zo da sauƙi ba. Na dawo da zafina na ce a daina taliyar ledar nan da yara ke so, a rage dunƙulen ɗanɗano a miya. Maiɗakina malamar firamare ce, bakwai da rabi take fita. Ta bar ni na gama sannan ta ce, "Malam, taliyar nan minti biyar ce. Wake awa nawa yake yi a wuta, kuma gas ɗin wa?" Ban da amsa. Gaskiya ta faɗa, kuma duk mai ba mutane shawarar su koma abincin gargajiya ya kamata ya fara amsa wannan tambayar. Kayan leda ba don mutane sakarkaru ne suke saye ba. Suna da arha a lokacin da ake saye, ba sa cin wuta, ba sa lalacewa in an ɗauke lantarki. Muka yi sulhu. Ni nake zuwa Dawanau in auno wake da gero da dawa in kai niƙa, ita kuma ranar Lahadi take jiƙa wake da gasarar koko ta kwana uku. Taliya ta koma sau biyu a sati, da ƙwai da kabeji, rabin garin ɗanɗanon da ke cikin ledar. Miyar kuka ta koma dunƙule ɗaya maimakon huɗu, daddawa da busasshen kifi suka cike gurbi. Satin farko yara sun ce miya ta yi lami, yanzu ba mai magana. Malmalar tuwona ma an rage ta, tunda ƙanwata ta ce tuwon shinkafa da farin burodi su ma suna ɗaga suga ko ba a sa musu ko ƙwayar sukari ba.

Wata shida bayan wancan farantin na koma asibiti, aka samu 97. Wandunan da na ajiye sun dawo suna shiga. Hajiya da ta ji sai ta ce to ita ma za ta bar magani ta koma zogale. Ƙanwata ta ce sam, wanda ciwon ya riga ya kama, gyaran abinci yana tafiya ne tare da magani, ba ya maye gurbinsa, kuma ba a taɓa ƙwaya sai da likita.

Saura abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Firjin nan har yau shi ne rabin cinikina, musamman daga Maris zuwa Mayu da lokacin azumi. A 2022 gwamnati ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, amma a shagona ban ga wanda ya fasa saye saboda shi ba, tsadar da ta biyo baya ce ta rage masu sha. Ba zan iya daina sayarwa ba, kuɗin makarantar yara huɗu a ciki yake. Abin da na iya shi ne na sauke kwalaben alawa daga daidai idon yara na mayar da su sama, na sa dabino da gyaɗa da goruba a wurin. Wasu na saye, da yawa kuma yatsa suke ɗagawa su nuna sama.

Jiya da safe wani dattijo abokin cinikina ya zo, direban babbar mota ne, zai ɗauki hanyar Maiduguri. Ya ce in ba shi lemon roba huɗu masu sanyi. Ina sa masa a leda na ce, "Baba, ka san kowace ɗaya cokali goma sha uku ce?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "To kai da kake sayarwa fa?" Na ba shi canjinsa, na ɗora masa gorar ruwa ɗaya kyauta. Ya karɓa, ya sa a aljihun babbar riga, ya tafi da ledarsa.