Hanyar Mulundu da makarantar 'ya'yan Baka

Daga Bertuwa, babban birnin yankin gabashin Kamaru, muka kama hanyar Baturi, daga nan kuma jar ƙasa ce har Yokaduma. Motocin dakon katako ne sarakunan wannan hanya. In ɗaya ta doso, sai direbanmu ya raɓe gefe, mu toshe hanci har ƙura ta lafa. A Yokaduma na sauka wurin 'yan uwanmu Hausawa 'yan kasuwa, kuma wani dattijo mai sayen kokon da ake yin cakulan da shi a cikinsu ne ya goya ni a babur muka yi kudu, hanyar Mulundu.

Nan bukkokin Baka suke jere a bakin titi, wasu na laka, wasu na ganye. Mutanen kurmi ne, sun gaji farauta da ɗiban zuma da tonon doyar daji. Tun wajejen 1960 hukuma ke jawo su su zauna kusa da manoma irin su Bangando, sannan aka killace gandun dajin Lobeke a 2001, na Bumba Bek da na Nki a 2005, dajin yawonsu ya ragu.

Cikin Janairu ne, tsakiyar rani. Makarantar gwamnatin da muka tsaya, benci bayan benci babu kowa. Na ce, "Malam, ina yaran?" Ya yi nuni da kurmi. A Satumba, in ji shi, sai an matsu a aji. Amma da rafuka sun ja baya mata da 'yan mata ke datse su suna kamun kifi, wasu gidajen kuma su tafi molongo, doguwar shiga daji da kan ɗauki makonni ko watanni. Wa zai bar ɗansa a bakin titi babu mai dafa masa?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne harshe. Ran farko da yaro ya shiga aji, da Faransanci ake masa magana. Na ga wani ɗan saurayi da malam ya ce ba ya ja, ya kasa karanta allo, 'yan ajin suna masa dariya. Da yamma shi ne ya shige mana gaba cikin daji, yana duban ƙasa a gindin itatuwa, ya nuna mana wanda ƙudan zuma ke ciki. Ni dai ban ga daƙiƙi ba. 'Yan mishan Katolika sun gane haka tuntuni, suka buɗe cibiyoyi masu tsarin koyarwa na ORA, wato lura, tunani da aiki, inda ake fara wa yaro da Bakanci da abubuwan da ya sani kafin a kai shi ga Faransanci. Sai dai daga ƙarshe makarantar gwamnatin zai koma.

Wanda ya daure har aji shida kuma, takardar haihuwa ke jiransa, don sai da ita ake zana jarrabawar CEP ta kammala firamare. Yaron da aka haifa a sansanin daji ina ya ga rajista? Sai an je kotu an nemo hukuncin da zai maye gurbinta.

Mahaifin wata yarinya da ta kai wannan aji ya tare abokin tafiyata, ya ce, "Alhaji, ran da za ka koma Yokaduma ka tafi da ni kotun nan." Alhaji ya ce ya shirya ran Litinin, kuɗin mai a kansa.